Ku Tambayi Baba Ticha: Ina Za Mu Kai Iyali a Hutun Kirsimeti?

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙun wannan watan kusan duk hanya ɗaya suka bi. Da zarar an fara jin ƙanshin hunturu, masu shaguna a Adum suka fara rataya fitilu masu walƙiya, sai tambayoyin tafiya su cika mini tebur. Shekara 31 na yi ina koyarwa a nan Kumasi, kuma mafi yawan shekarun ni ake ɗora wa nauyin fita da ɗalibai yawon buɗe ido, don haka abin da zan faɗa muku yawancinsa ƙafata ta taka. Na zaɓi wasiƙu biyar.

Tambaya: Baba Ticha, ina gaisuwa. Ni matar aure ce a Asawase, ɗinki nake yi. Maigidana yana samun hutu daga 24 ga Disamba har bayan sabuwar shekara. Yaranmu uku, babban shekararsa 12, kuma ba su taɓa wuce Ejisu ba. A wannan watan na kwashi adashena. Maƙwabta suna ta cewa mu tafi Accra, wai can ake shagali. Me ka gani?

Amsa: 'Yata, Allah ya sa wa adashen albarka. Kada ki kai shi Accra a Disamba. Tun 2019, lokacin da gwamnati ta kira jikokin bayin da aka kwashe zuwa Amurka da sauran ƙasashe su dawo ganin gida, shekara 400 bayan 1619 da aka fara sauke bayi 'yan Afirka a Virginia ta Amurka, watan Disamba a Accra ya zama na baƙi masu dala da fam. Kuɗin ɗakin kwana yana tashi, motoci suna cushewa daga Circle har Osu, shagalin kuma na dare ne, na kiɗa da samari. Yaro ɗan shekara 12 ba abin da zai tsinta a ciki sai gajiya. In kuna da dangi a Nima ko Mamobi, ku bari sai wani watan ku je zumunci cikin kwanciyar hankali.

Ku juya fuska arewa. Ki ce da maigida ku nufi gandun daji na Mole.

Dalilina na farko shi ne lokaci. Da damina giwa ba ta buƙatar kowa, ruwa na ko'ina, ciyawa ta fi tsayin mutum, sai ka yini ba ka ga ko kunnenta ba. Amma daga Disamba ƙananan tafkuna sukan fara ƙafewa, ciyawa ta kwanta, dabbobi su dawo inda ruwa ya rage. Masaukin gandun yana kan tudu, a ƙasansa akwai tafkunan da giwaye ke zuwa sha da wanka. Ranar da na fara kai ɗalibai can, wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ta riƙe mini hannun riga tana rawar jiki, ta ce, "Ticha, ashe da gaske akwai ta." Har yau in na tuna idona yakan kawo ruwa. Gani ya kori ji, kuma yaranki sun kai shekarun da abin da suka gani zai zauna musu.

Ga yadda hanyar take. Daga Kumasi za ku bi Offinso zuwa Techiman, sai Kintampo, ku haye gadar Buipe a kan Baƙin Volta, ku saki titin Tamale a mararrabar Fufulso ku yi yamma zuwa Damongo, hedikwatar yankin Savannah da aka ƙirƙira a 2019. Daga Damongo sai Larabanga, daga nan ƙofar Mole ba nisa. Da can wannan yankin hanyar jar ƙasa ce mai karya ƙashi, yanzu an shimfiɗa kwalta. Ku tashi bayan sallar asuba. Ina roƙonki da girman Allah kada ku hau motar dare don ragin 'yan sidi. Titin Techiman zuwa Kintampo ya ci mutane da yawa, kuma a ƙarshen shekara direbobi na yin sawu kan sawu ba barci, ga hazo yana rage gani.

Ku yada zango a Kintampo yara su ga inda ruwan kogin Pumpum ke zubowa daga kan dutse. Ku bi umarnin masu kula da wurin, in iska ta taso ku fito. A watan Maris na 2017 wata babbar bishiya ta faɗo a kan ɗalibai a wurin, aka yi asarar rayuka, kuma kowane malami a ƙasar nan ya ji wannan mutuwa a jikinsa.

A Larabanga kada ku yi gaggawa. Masallacin garin na ƙasa ne, an shafe shi da fari, itatuwa sun leƙo daga bangonsa, ga tsohuwar kuka a jingine da shi. Mutanen garin suna cewa tun 1421 aka gina shi. Ki nuna wa babban yaronki itatuwan nan ki tambaye shi amfaninsu. Su ne matakalar da magina ke hawa in za a sake yaɓe bayan damina. Akwai lokacin da aka shafe bangon da siminti da niyyar gyara, sai simintin ya riƙe danshi a ciki, gara ta shiga katako, ginin ya fara lalacewa, har sai da aka kankare shi aka koma yaɓen ƙasa irin na kakanni. Za ku ga samari suna tare ku da neman zama 'yan rakiya. Ku tambayi kuɗin shiga tun kafin ku fara zagayawa, ku biya a hannu ɗaya.

A cikin Mole ana fita sau biyu, da sassafe wajen ƙarfe 7 da kuma bayan la'asar ta gabato, tare da ma'aikacin gandun mai bindiga. Akwai fitar ƙafa, akwai ta mota. Tunda kuna da ƙanana, ku ɗauki ta mota ku haɗa kuɗi da wasu baƙin. Ku sa takalma masu rufe ƙafa, ku guji baƙaƙen kaya da shuɗi saboda ƙudan tsando. Ban da giwa za ku ga gadu yana kiwo a durƙushe har bakin ɗakuna, ga mazo da maraya, ga kada a bakin ruwa. Gwaggon biri kuwa ɓarawo ne na gaske, kada yaro ya riƙe burodi a hannu a waje, kuma ku rufe ƙofa. Ku zo da rigunan sanyi, don asubar arewa a hunturu ba irin ta Kumasi ba ce, da man kaɗe na leɓe da ƙafa.

Abu ɗaya da na koya da wahala: ku kama ɗaki tun yanzu. Wata shekara na dogara da alkawarin baki da wani mai masauki ya yi mini ta waya, muka isa da dare da yara 40, ya ce ɗakunan sun cika. A cikin mota muka kwana, ni da sauran malamai muna zagaya ta har gari ya waye. Ku tura kafin alƙalami ta MoMo, ku ajiye saƙon shaida. In masaukin cikin gandun ya fi ƙarfinku, ku kwana a Larabanga ko Damongo, ku yi sammako.

In kwanaki sun rage muku da ɗan canji, akwai inda zuciyata ta fi so ku kai yaran nan, wato Salaga. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, fataucin goro ya gada, kuma bakinsa bai taɓa rabuwa da sunan Gwanja ba, wato ƙasar da Salaga take ciki. Goro ba a Salaga yake fitowa ba, a kurmin Asante yake, amma Salaga ce kasuwar da Tonawa, wato mutanen Asante, ke kawo shi, ayarin fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato su zo da jakuna ɗauke da tufafi da fatu da kanwa su saya. An sayar da mutane ma a kasuwar nan, kada a ɓoye wa yara wannan, rijiyoyin da aka bari suna nan. Bayan Turawan Ingila sun ƙona Kumasi a 1874 cinikin ya fara ja da baya, yaƙin basasar 1892 kuma ya watsa mutanen garin zuwa Kete Krachi da Yeji da Kintampo, wasu har kudu. Cikin waɗanda suka koma Kete Krachi akwai babban malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya rasu a 1934. Yawancin zangunanmu suna da jijiya a wannan watsewar. Ana zuwa Salaga ta Tamale, ko ta tsohuwar hanya, Mampong, Ejura, Atebubu zuwa Yeji, a hau jirgin fito a haye Volta zuwa Makango. Yaron da aka taɓa ce masa baƙo a makaranta yana bukatar ya tsaya a wannan garin ya ji tun yaushe kakanninsa ke nan.

Tambaya: Baba, ni ma'aikaciyar jinya ce, ban yi aure ba tukuna. Kullum ina ganin hotunan kasuwannin Kirsimeti na Turai a Facebook, da fitilu da dusar ƙanƙara. Yayana yana Hamburg. Ina so in je bana ko da rance zan ci. Ka ba ni shawara.

Amsa: 'Yata, sha'awarki ba laifi ba ce, wuraren suna da kyau. Kasuwar Dresden a Jamus tun 1434 ake cinta, ta Strasbourg a Faransa tun 1570, ga ta Nuremberg da ta Vienna a gaban zauren birni. Rumfunan katako ne a jere, ana sayar da kayan wasan yara na itace da kyandir da gasasshen gyaɗar Turawa mai sukari. Na ga ta Hamburg da idona lokacin da na je wurin ɗana, inda 'yan Ghana suke da yawa har za ki ji Twi da Hausa a jirgin ƙasa.

Amma ga abin da hoto ba ya faɗa. Yawancin kasuwannin Jamus suna buɗewa ne a ƙarshen Nuwamba, su tashi ranar 23 ko 24 ga Disamba. Wanda ya sauka ranar 25 zai tarar da rumfuna a rufe, tituna shiru, kowa yana cikin gidansa da iyalinsa, shaguna ma ba sa buɗewa. Dusar ƙanƙara kuma ba alkawari ba ce. Sati biyu na yi a Hamburg, yayyafi mai sanyi kawai na sha. Masu neman tabbacin ganin dusar ƙanƙara sukan tafi Rovaniemi a arewacin Finland, inda rana ba ta wuce 'yan sa'o'i biyu zuwa uku a ƙarshen Disamba, kuma tsadar wurin ba ta mai albashin sidi ba ce. Ko a Jamus rana na faɗuwa wajen ƙarfe 4, sai ki ga azahar da la'asar da magariba sun taho a jere kafin ki gama shiri. Abin shan da ake yawo da shi a kofuna yana tururi giya ce da aka dafa, naman da ake gasawa kuma mafi yawansa alade ne, sai kin tambaya kafin ki saya.

Sai maganar biza. Kuɗin bizar Schengen, wadda ake shiga Jamus da yawancin ƙasashen Turai da ita, ya koma Yuro 90 tun Yunin 2024, kuma ba a mayarwa in an hana. A ƙa'ida kwana 15 ake yi ana duba takardu, yana iya kaiwa 45, ban da jiran ranar ganawa. Ana karɓar takardu tun wata shida kafin tafiya. Za su nemi takardar gayyata daga yayanki, da inshorar lafiya, da takardar hutu daga wurin aikinki, da bayanan asusunki na watanni. Kuɗin rance da ya faɗo asusu dare ɗaya shi ne abu na farko da ke sa su zargi mutum. Don haka bana ki haƙura. Ki fara tari daga Janairu, ki shigar da takardu a Yuli ko Agusta, ki nufi satin farko na Disambar baɗi. Kada ki ba kowane ɗan kamasho fasfonki da ya ce yana da hanya.

In dole sai kin buga hatimi a fasfo bana, Lome tana nan bayan Aflao, ba biza tsakaninmu saboda ECOWAS, sai dai ki riƙe katin rigakafin shawara. Afirka ta Kudu ma tun Nuwamban 2023 mai fasfon Ghana na shiga ba biza har kwana 90 a shekara, amma ki sani Disamba a Cape Town lokacin zafi ne.

Tambaya: Malam, mu Musulmi ne. Abokina ya ce duk wanda ya yi tafiyar shaƙatawa a wannan lokacin ya taya Kirista biki ne. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Ɗana, fatawa ta malamai ce, ka je wurin limamin unguwarku ka zauna da shi. Abin da ni zan ce shi ne, ranakun 25 da 26 ga Disamba hutu ne na ƙasa, makarantu a rufe, kuma ga ma'aikaci da yawa shi ne kaɗai lokacin da uba da uwa da yara ke samun kwanaki a tare. Wanda ya kai 'ya'yansa su ga giwa ko su gaida kakarsu a Yendi, zumunci ya yi da kallon halittar Ubangiji. A gidan haya da na girma a Aboabo, maƙwabtanmu Kirista sukan aiko mana da shinkafa da ɗanyen zakara a Bronya, wato Kirsimeti, don mu yanka da kanmu, mu kuma mu kai musu nama da layya. Kuma ka tuna Babban Limamin ƙasa, Sheikh Osman Nuhu Sharubutu, ya shiga cocin Christ the King a Accra a Istan 2019, yana cika shekara 100, don ƙarfafa zaman lafiya. A wannan tarbiyya muka tashi.

Tambaya: Baba Ticha, ni Kirista ne. Kakana daga Navrongo ya zo aikin gonar koko, ni kuwa a Aboabo aka haife ni, Hausa na fara ji kafin Kasem, yaren Navrongo. Mahaifiyata ta tsufa. Ina so in kai ta wurin da za ta ji daɗin Kirsimeti sosai. Abokaina suna cewa Takoradi.

Amsa: Ɗana, abokanka ba su yi ƙarya ba. A Takoradi ranakun Kirsimeti ƙungiyoyin Ankos suna fitowa da kaya masu launi iri iri da fuskokin roba, masu busa ƙaho da ganguna na biye da su, gari ya ɗinke da rawa. Winneba ma tana yin irin nata ranar 1 ga Janairu. Wannan na mai ƙarfin ƙafa ne, wanda zai iya tsayuwa cikin rana da turereniya. Ka ajiye shi don kanka wata shekarar.

Tsohuwa kuwa ka kai ta gida. Ban san wani wuri a ƙasar nan da ya fi Navrongo dacewa da abin da kake nema ba. Limaman Katolika da ake kira Fararen Ubanni sun sauka garin a 1906, a 1920 aka gina babban cocin da tubalin ƙasa, kuma yana nan tsaye. Matan yankin ne suka zana bangon ciki da irin adon da suke yi wa ɗakunansu, ja da baƙi da fari, siffofin dabbobi da na labaran Littafi Mai Tsarki a haɗe. Wani abokin aikina ɗan garin ya taɓa gayyata ta, na tsaya a bakin ƙofa da daren jajibiri ina jin waƙa da Kasem, sanyin hunturu yana ratsa ni, ƙamshin ƙasa yana fitowa daga bango. Ni Musulmi ne, amma na gane abin da ke sa mutanen nan kuka in sun dawo daga kudu. A ƙofar gidaje za ka ga 'yan ƙananan ɗakuna da yara ke ginawa da laka don tunawa da wurin haihuwar Annabi Isa, kowane yaro yana ƙoƙarin nasa ya fi na maƙwabci.

Tafiyar doguwa ce, ta haura kilomita 500, don haka ka raba mata ita biyu, ku kwana a Tamale. Ka sayi tikitin motar STC ko VIP da wuri, don daga tsakiyar Disamba duk 'yan arewa masu aiki a kudu gida suke nufa. In kana tunanin jirgin sama zuwa Tamale, ka sa a ranka hazo na iya hana shi tashi. Ka riƙe mata magungunanta a jakar hannu, da mayafi mai kauri. Kada ka je hannu rabbana, dangi za su yanka muku zabi, kai ma ka kai atamfa da sabulu da buhun shinkafa. In ta huta, Paga tana kusa, inda ake sayen ɗan tsako a kira kada ya fito daga tafki mutane su taɓa bayansa. Amma ina zaton ita abin da za ta fi so shi ne a zaunar da ita a tsakar gida, tsofaffi su zo suna kiran sunan mahaifinta.

Tambaya: Baba, ni a Kejetia nake sayar da takalma. Disamba ce kakarmu, ba na iya rufe shago sai yini ɗaya. Akwai inda zan kai matata da yara mu dawo a ranar?

Amsa: Akwai, ƙanena. Tafkin Bosomtwe, kimanin kilomita 30 kudu maso gabas da Kumasi, ta Kuntanase zuwa Abono. Wani dutse ne ya faɗo daga sama fiye da shekara miliyan ɗaya da ta wuce ya haƙa ramin, ruwa ya cika shi, tsaunuka suka kewaye shi kamar ƙwarya. Masuntan wurin har yau a kan guntun katako suke zama suna tuƙi da hannu. Ranar 26 ga Disamba da 1 ga Janairu bakin ruwan Abono yakan cika maƙil da matasa da manyan lasifika, don haka in da hali ka zaɓi wata ranar a tsakani. Uwargida ta dafa waakye ta zuba a kula, ku sayi soyayyen kifin tafkin a can, ku ɗauki tabarma da buta. Tafkin yana da zurfi sosai a tsakiya, kada ido ya bar kan yara, kuma kada ku shiga kwalekwalen da ba rigar ruwa. Ku kamo hanyar gida da kun yi la'asar, don hawan da ake yi daga bakin ruwa zuwa sama yana da kwana da yawa, kuma bai da daɗi in duhu ya yi.